Nomau Ya Koma Nu'uman

Tun da na dawo daga Umra tabarmar tsakar gidana ba ta huta ba. Mai zuwa karɓar dabino, mai zuwa da 'yar kwalbar zamzam a ɓoye cikin mayafi, kowa da tambayarsa: yaya Ka'aba, kin yi kuka, da gaske ne ana barin shago a buɗe a tafi salla? Duk na amsa. Amma tsofaffin Dutsen Marke ba wannan ke kawo su ba. Sai sun sha zamzam sun shafa a ido, sannan su sassauta murya su ce, "Delu, kin ga Nomau?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na maimaita sai jinina ya hau. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda bai iya karatu ba jikansa ya karanta masa.

Na ga Nomau. Amma bari in fara saboda waɗanda ba su san shi ba.

Lokacin ina yarinya, babu gayyar noman da za a yi daga garinmu har bakin kogi ba a kira 'Yan Tada-Rago ba. Mahaifina Jatau shi ne mai waƙa. Nomau ke rataye da babbar ganga, Tada-Rago, wadda sunanta ya bi su duka. Iro Gajere na kan kazagi, Mati da Duna 'yan amshi, Duna kuma shi ke kirari in an shiga gonar mai hali. Ba makaɗan fada ba ne, ba su taɓa shiga rediyo ba. A cikin taɓo suke aikinsu, suna bin bayan masu garma kunya-kunya, suna kiran kowane saurayi da sunan kakansa har sai ya manta yana da ƙugu. Ladansu dawa ce da kaji, wani lokaci ɗan akuya.

Akwai wani abu a tsakanin Baba da Nomau da kowa ya sani. Baba ba ya buɗe baki sai ganga ta kira shi. Nomau zai saki wani ɗan gajeren take, nasu ne su biyu, sannan Baba ya ja numfashi ya amsa. In Nomau ya makara, sai ka ga Baba tsaye a bakin gona, manoma na jira, shi kuwa ko tari ba zai yi ba. Mutanen gari kan ce muryar Jatau a cikin gangar Nomau take kwana.

Wata shekara Sarkin Noman garinmu ya yi dubu, wato ya noma dami dubu, daɗi ya kama shi, ya ba Baba kujerar Makka a gaban jama'a. A lokacin Inna na da tsohon cikin ƙanena Sabi'u. Baba ya ce ba zai tafi ya bar ta ba, a ba Nomau, ai ya girme shi, nasa rabon na nan tafe. Nomau ya rataye Tada-Rago a zaurenmu, ya dafa kaina ya ce zai kawo min awarwaro, kafin ruwan shuka ya dawo. Alhazai suka dawo, ban da shi. Aka ce ya noƙe a can. Baba ya gwada wani makaɗi daga ƙauyen gabas da mu, abin bai yi ba, masu gayya suka daina aiko da goro. Iro ya tafi Kaduna yana lodi a tasha, mota ta taka shi. Mati ya yi gadi a Abuja har ya dawo da tarin da ya kashe shi. Duna na nan da rai, yana sayar da rake a ƙofar makaranta, kunne ɗaya ya mutu. Gangar kuwa gara ta cinye ta a inda aka rataye ta. Baba bai taɓa zuwa Makka ba, kuma shekara talatin da ɗoriya ban taɓa jin ya zagi Nomau ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

'Yan shekarun nan ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Yana ji, yana gane mu, yana cin tuwonsa, amma ko "ruwa" ba ya iya cewa. Wata nas a Funtuwa ta gaya min cewa masu irin wannan ciwon, wani lokaci waƙar da suka saba ita ke buɗe musu baki. Muka ɗauko samarin makaɗa, Duna ya yi musu taken da baki, suka buga iyakar iyawarsu. Baba ya juya fuskarsa bango. Kaset babu, ba a taɓa ɗauka ba. Ya rage hannu ɗaya ke nan a duniya da zai iya kiran Baba. Don haka da ɗana Nura ya biya min Umra, niyya biyu na ɗaura: ɗaya ta ibada, ɗaya ta in nemo Nomau ya buga min taken nan a waya. Allah ya yafe min in na haɗa masa aiki da wani.

Tafiyar ta fara da ɓacin rai tun daga Kano. Ejan da ya shirya mana tafiyar ya ce mu iso da sassafe kada jirgi ya bar mu. Muka iso, jirgin ma bai baro inda yake ba. Muka wuni a kan tayil kamar 'yan gudun hijira, ejan ya kashe waya. Nan Allah ya haɗa ni da Hajiya Gambo, mutuniyar Bakori, wadda ta je Makka har ta daina ƙirgawa, ba ta kuma bari ka manta. Yadda zan ɗaura mayafi sai ta gyara, yadda zan riƙe fasfo sai ta gyara. A cikin jirgi ma da aka kawo abinci a ɗan kwano kamar na ciyar da mage, ita ce ta nuna min yadda ake yage ledar cokali, ni da na yi shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare.

A Jidda kuma lalle ya ja min. Matan gidanmu sun zauna sun ƙunsa min shi har ya yi baƙi wuluk, wai kada in shiga ƙasa mai tsarki da farin hannu. Na ɗora yatsu a kan na'urarsu, ta ƙi ni. Wani yaron jami'i mai ɗan gemu ya goge gilashin, ya fesa min wani ruwa, ya danna yatsuna kamar mai matsar lemo, na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Layi ya taru a bayana, Gambo na faɗa wa kowa cewa ai ta gaya min, alhali ba ta gaya min ba. Da ƙyar ɗan ƙaramin yatsa ya cece ni. Na wuce gaba, 'yan kwastan suka buɗe jakata suka ci karo da daddawar da na ƙullo wa Nomau, don ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Mutumin ya kwance ledar ya sunsuna, ya ja da baya yana salati. Na ce masa, "Miya ce, ɗan nan, miya!" Ya ɗaure ta da kansa ya yi min nuni da hannu in tafi, in yi nisa.

Zancen Ka'aba ba na wasa da shi. Na gan ta, na yi kuka har Gambo ta rasa abin gyarawa. Na yi ɗawafi, na yi Safa da Marwa, na roƙa wa Baba harshensa a kowane zagaye. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, na bar shi nan.

Masaukinmu a Misfala yake. Ejan ya rantse mana cewa kusa da Harami ne, kuma gaskiyarsa, in kana da mota. Ɗaki ɗaya aka zuba mu mu mata, aka fara yaƙin na'urar sanyi: Gambo na son ta kamar firij, ni gwiwata na kuka. Abinci kuwa shinkafa da kaza, gobe kaza da shinkafa, fara fat ba yaji, da safe burodi mai faɗi kamar faifai. Magensu ma sun fi na gida ƙiba, ba sa gudun mutum, kai ne za ka kauce musu. Abin da ya fi ba ni mamaki gaisuwa ce. A garinmu ko gishiri za ka saya sai ka tambayi gajiya da gida da yara da ruwan jiya. A nan ka yi sallama, mai shago ya ce "aiwa" yana kallon wanda ke bayanka. Na yi kwanaki ina jin kamar kowa fushi yake da ni.

Yunwar tuwo ce ta kai ni Mansur. Ina shiga unguwar na ji kamar an sauke ni a Sabon Gari: Hausa ta ko'ina, ƙamshin suya, mata na tallan fura da dambu a bakin titi. Na zauna wurin wata dattijuwa mai tuwon masara da miyar kuka, Hajiya Zalai, mutuniyar Maraɗi, ta fi shekara ashirin a nan. Na ci na yi hamdala, sannan na tambaye ta ko ta san wani Nomau, mutumin ƙasar Katsina.

"Nomau?" Ta yi dariya. "Ɗiyata, nan babu Nomau. Kowa ya taho garin ga sai ya wanke sunanshi. Tanko ya koma Tariƙ, Ɗanladi ya koma Khalid. Hwaɗa min kamannunai."

Na ce dogo ne, baƙi, kafaɗarsa ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama saboda ratayar ganga.

Ta ajiye mara. "Ammu Nu'uman! Mai turare na Aziziyya. Amma wanga ai malami na, ɗan malamai. Surukin manyan Hausawan nan na, waɗanda kakanninsu sunka taho da ƙahwa."

Ɗan malamai! Uban Nomau gangar farauta yake kaɗawa, kakansa ma haka. Na yi dariya har tuwo ya sarƙe ni. Ban gama tari ba wani ya yi ihu, "Baladiyya!" Ashe ma'aikatan hukumar gari ne masu kama 'yan talla. Kafin in ƙifta ido titi ya watse, mai tukunya a ka, mai kula a hammata, Zalai da tsufanta ta shige lungu kamar yarinya. Ni ma na runtuma, ban san abin da na yi ba, sai a bayan wani masallaci na tsaya na ga ludayin miyarta a hannuna.

Washegari bayan La'asar na ɗauki daddawata na hau tasi zuwa Aziziyya. Direban ba ya jin Hausa, ni ba na jin nasa, muka yi ta zagaye har na hango shagon da Zalai ta kwatanta. Maza uku na zaune a ciki cikin fararen riguna, suna shan gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Ban buƙaci a nuna min shi ba. Gemu ya yi fari, tumbi ya fito, ya yafa jan rawanin Larabawa, amma kafaɗar na nan inda ganga ta bar ta.

Sai na yi abin da kowane ɗan Dutsen Marke zai yi in ya ga babba bayan dogon zamani. Na rusuna a bakin ƙofa, na ɗaga murya yadda Duna ke yi: "Nomau na Tada-Rago! Mai ganga ɗaya tada ƙauye! Ka buga rago ya tashi, ka tsaya garma ta tsaya! Baffa, Delu ce, 'yar Jatau."

Duk ukun suka juyo. Na ga ya gane ni, wallahi ya gane ni. Sai ya buɗe baki ya ce, "Esh tibgi, ya hajja?" Wai me nake so. Da Larabci.

Babban cikin sauran mutanen biyu, wani mai gilashi, ya dube shi ya ce da irin Hausarsu ta haifaffun can, "Ya Nu'uman, wace ce hadi? Mene ganga da take faɗi?"

"Miskina ce," in ji Nomau. "Ta ɓata, tana zaton wani ne." Ya miƙa hannu kan kantar shagon ya ɗauko 'yar kwalbar turare ya miƙo min, irin yadda ake sallamar mai bara.

Miskina! Ni Delu, da kujerar ubana ya zo garin, yau ni ce miskina. Allah ya isa ta zo min har leɓe, na tuna ƙasar da nake tsaye a kai, na haɗiye ta da ƙyar. Na ajiye masa ƙullin daddawar a kan gilashin turarukansa, na kwance bakin ledar da kyau, na fita. Na bar musu shagon su ji ƙamshin gida.

Na koma Misfala na zazzage labarin a ɗaki. Gambo ta ce ai da na tambaye ta da ta gaya min ba a yi wa mutum kirari a Makka. Na ce mata in ta sake gaya min wani abu a tafiyar nan, ɗayanmu ba za ta koma Najeriya da haƙoranta ba.

Ashe labari a Mansur ya fi waya sauri. Kashegari da hantsi aka ce wata mata na nemana a ƙasa. Na sauko na tarar da ita cikin baƙar abaya, ta ɗage niƙabi, fuska irin tamu sak. Ta ce sunanta Asma'u, ana ce mata Ummu Faisal, ita ce matar Nu'uman. Zalai ce ta kwatanta mata masaukina. A Makka aka haife ta, aka haifi ubanta, ba ta taɓa taka Najeriya ba.

"Ya ukhti, ma'alesh, yi haƙuri," ta ce, ta riƙe hannuna. "Kina tsammani ban sani ba? Wallahi tun shekarar farko na sani. Hannunsa ba ya zama. A kan sitiyari, a kan gwiwa, har a bayan Faisal yana jariri in yana lallashinsa. Yayyena ne ba su sani ba. Abuya, babanmu, ya ba shi ni a kan ɗan malamai ne. Mai gilashin da kika gani jiya yayana ne, shagon nasa ne, igamar Nu'uman ma a hannunsa take."

Igama ita ce takardar zama a ƙasar, in babu ita kai da kayan shara ɗaya. Na ce mata a wurinmu ma ba kowane gida ke ba makaɗi 'ya ba, amma ban taɓa ganin wanda ya yar da sunan da uwarsa ta raɗa masa don a ba shi mata ba. Ba ta ji haushi ba. Na ba ta labarin Baba tun daga kujerar har zuwa ranar da ya juya wa samarin makaɗa baya. Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce in zo gida gobe bayan Azahar, lokacin yayyenta na barcin rana, ta san abin da za ta yi.

Gidan bene ne a Aziziyya, falo shimfiɗe da kafet da matasai jere da bango. Ta shimfiɗa leda a ƙasa ta dire wani ƙaton faranti na shinkafa da naman rago, wanda a garinmu suna guda za a yi da shi. Na ci na ƙoshi, ina cikin wanke hannu Nomau ya shigo. Ya gan ni, ya juya zai fita, Asma'u ta tsaya a ƙofa ta ce masa kalma ɗaya da Larabci. Ya zauna.

"Delu," ya ce. "Kin girma."

Da Hausar garinmu ya faɗa, tsaf, ko gargada babu. Wannan ya fi Larabcin shago ciwo.

"Shekaranjiya ba ka san ni ba, Baffa."

"Kin zo kin tsaya a gaban surukaina kina kirarin ganga. So kike a kore ni?"

"So nake ka buga wa Baba takensa. Bakinsa ya mutu. In ka buga na ɗauka a waya, ba za ka ƙara ganina ba."

"Na tuba da kiɗa. Nan Makka ce, ba gonar gayya ba."

"To madalla da tuba. Wa ya ba ka kujerar da ta kawo ka wurin tuban? Iro ya mutu a ƙarƙashin mota, ka sani? Mati ya mutu. Gangar da ka ce a ajiye maka gara ta ci. Kiɗan ka tuba da shi, ko mutanen?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ban san abin da ya sha ba. Ya kwana a kan duwatsu yana gudun kame, ya yi dako, ya wanke banɗakunan alhazai. Shekarar farko ya ce sai ya samu abin komawa da shi, ta biyu kunya ta hana shi aike, daga nan kuma ya wayi gari wani mutum ne daban mai mata da 'ya'ya. Na ji tausayinsa ya ɗan taso min, na danne shi, don ba shi ya kawo ni ba. Na ciro waya na kira Sabi'u ta bidiyo, dama na gaya masa ya zauna kusa. Na jingina wayar da butar shayi, na juya ta ta kalli Nomau.

Baba na zaune a rumfar tsakar gida, an tokare shi da matashi, bakin nan a karkace. Suka kalli juna. Nomau ya rufe bakinsa da rawani.

"Jatau," ya ce. "Jatau, ni ne."

Baba bai motsa ba, ido kawai ya zuba masa. Asma'u ta tashi ta juye sauran shinkafar a wani kwano, ta goge farantin, ta kife shi a kan cinyar mijinta. Ya daɗe yana kallonsa. Ya yi istigfari a hankali, ya naɗe hannun riga, ya buga.

Ni dai a kunnena taken ne. Tsigar jikina ta tashi, na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin falon nan mai sanyin na'ura. Amma Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya doki tabarma. Bakin ya yi ta kokawa, jijiyar wuya ta miƙe, sai muka ji:

"Sake!"

Wayar ta karkace a hannun Sabi'u, na ji yana salati, matarsa ta rangaɗa guɗa daga madafa. Ni kuwa na gane kalmar nan take. Abin da Baba ke faɗa ke nan a zaure in suna gwaji Nomau ya kuskure bugu. Samarin da muka kawo ko darajar gyara bai ba su ba.

Nomau na dariya hawaye na bin gemunsa. "Kai dai ba ka sake hali ba, Jatau. Hannun ne ya yi tsatsa." Ya sake bugawa.

"Sake!" Wannan karon ta fita tas.

Ya goge hannu a riga, ya rufe ido, ya ɗan karkata kafaɗar nan kamar an rataya masa wani abu. Da ya saki na uku, ko ni na ji bambanci. Farantin ya yi magana. Na ga Baba ya gyara zama, ƙirjinsa ya ɗaga, ya ja dogon numfashin nan da yake ja kafin ya amsa wa ganga, leɓɓansa suka buɗe.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Wata murya daga waje ta ce, "Ya Nu'uman!" Mai gilashi ne.

Ban taɓa ganin tsoho ya yi sauri irin haka ba. Ya cusa farantin bayan matashi, ya fizgi wayata ya danna ja, fuskar Baba ta ɓace da bakinsa a buɗe. Ya miƙe ya gyara rawani, ya share ido, ya tafi yana "Tafaddal, tafaddal." Sai a lokacin na tuna ban ɗauki komai ba. Wayar na kan kira, ni kuma hankalina na kan bakin Baba.

Mai gilashi ya shigo ya gan ni, ya ɗaga gira. Nomau ya ce ai miskinar nan ce, Ummu Faisal ta ji tausayinta ta kira ta cin abinci. Wallahi magana ta cika min baki. Kalma uku zan faɗa in ɗaga matashin nan, in rushe masa shekara talatin. Na dubi Asma'u, ta kafe ni da ido tana girgiza kai a hankali. Na ci abincinta, kuma ita kaɗai ta yi min halin mutane a gidan. Na ɗauki wayata na saka takalmi. A bakin ƙofa na juya na ce, "Sai wata rana, Nu'uman." Ban sa masa Baffa ba.

Na koma shagon kafin mu taso, wani yaron shago ya ce Ammu ya tafi Ɗa'ifa hutawa. Asma'u ta ba ni lambarsa a ɓoye, ta ce in yi sabur, zai huce. Na yi ɗawafin bankwana da zuciya kamar garwashi, ina roƙon Allah ya cire min, bai cire ba tukuna. A jirgin dawowa Gambo ta lura ba na magana, ta miƙo min dabino ba ta gyara min komai ba.

To, masu tambaya, ga abin da na kawo wa Dutsen Marke daga Makka: zamzam, dabino, tasbaha, da kalma ɗaya a bakin Jatau. Nas ɗin Funtuwa ta ce ci gaba ne, mu gode wa Allah, kuma mun gode. Amma ba "ruwa" yake cewa ba, ba "Delu" ba. Duk wanda ya shigo rumfar nan da waya a hannu, Baba zai bar abin da yake yi ya bi wayar da ido. Duna ya zo gaishe shi ran nan, ya ji, ya fita yana kuka ya bar rakensa a ƙofa.

Jiya da hantsi na kai masa kunu, na manta wayar na hannuna. Ya ture kofin, ya gyara zama, ya ja numfashi.

"Sake," in ji shi.

Na zauna a gabansa na buga lambar Nomau, na sa a lasifika don ya ji. Ta yi ta ringi har ta katse.